Kwabon Inji: Abin da Ɗigon Ruwa Ya Jawo Mini

Kusan wata bakwai na yi ina shayar da motata kowace safiya kamar yadda ake shayar da akuya. Kafin in fita aiki sai in ɗaga murfin inji, in buɗe bakin lagireto, autana ya miƙo mini buta, in ɗura har ruwan ya taso, in rufe, mu kama hanya. Yaron ya ɗauki abin a matsayin aikinsa na gida, har ma idan na makara shi ne ke tsayawa a bakin ƙofa da butar a hannu. A ƙarƙashin motar kuwa, daidai tsakiyar inda take kwana, kullum akwai ɗan danshi wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ina ganinsa, kuma na san ruwa ba ya barin inji sai ya sami ƙofa. Amma da yake buta ɗaya tana kai ni ofis ta dawo da ni, sai na ajiye maganar a inda mafi yawanmu ke ajiye irinta, wato “a yi maneji zuwa ƙarshen wata.” Watanni suka yi ta ƙarewa, ɗigon yana nan.

Ranar biyan bashin ta zo a wata Asabar cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40. Za mu Zariya ta’aziyya, ni da mahaifiyata da uwargida da yara biyu. Mun wuce Kura, mun wuce Ciromawa, muna dab da Kwanar Dangora sai na ga allurar zafi ta bar tsakiya ta doshi ja. Kafin in gama gangarawa gefen titi tururi ya fara tashi ta bakin murfin inji. Allah Ya taimake ni ban yi gangancin buɗe lagireto a lokacin ba, domin ruwan da ke ciki a matse yake, kuma mutane da yawa sun ƙone fuska da hannu ta wannan hanya. Muka koma gindin wata bishiya muna jiran inji ya huce.

Masu wucewa ba su rage mu da shawara ba. Wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a cikin lagireto, wani ya ce garin taba ya fi, wani kuma ya rantse da garin barkono. Mahaifiyata tana fama da hawan jini, ga rana, ga ƙura, ga manyan motoci suna wucewa suna girgiza ƙasa. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta dube ni ta ce, “Ashe ka san ba ta da lafiya, ka kwaso mu?” Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ƙara ko kalma ɗaya ba. Na tare musu motar haya suka wuce, ni kuma na juyo Kano ni kaɗai da jarka biyu, ina tsayawa a kai a kai ina jiran inji ya huce in ƙara ruwa. Tafiyar da ba ta fi awa ɗaya da rabi ba ta cinye mini yini.

Makanikena dattijo ne da ya haura shekara 60. Ya koyi aiki tun zamanin da Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna ta cika titunanmu, kuma irin mutanen nan ne da ba sa taɓa sifana sai sun gama kallo. Ya duba tiyo ɗaya bayan ɗaya, ya duba lagireto da murfinsa, ya shafa ƙarƙashin famfon ruwa, ya zaro sandar awon baƙin mai ya ƙura mata ido ko man ya yi fari kamar madara, wanda alama ce ta ruwa ya haɗu da mai. Bai ga komai ba. Sai ya sa aka cika ruwa, aka tayar da mota har ta ɗauki zafi, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da tocila. Ya jima a can. Da ya fito sai ya nuna mini yatsarsa a jiƙe da jan ruwa, ya ce daga ƙasan mahaɗar inji da akwatin giya yake fitowa.

Ya ce, “Dokta, kwabo ne. Kuma na baya ne.”

Na tambaye shi kuɗin kwabon. Ya ce bai wuce N1,000 ba. Na yi ajiyar zuciya, har na fara laluben aljihu. Sai ya ce kuɗin aiki N40,000, ban da ruwan sanyaya inji da ƙananan abubuwan da za a tarar a hanya. A nan ne na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce, “Haba Baba, abin dubu ɗaya ne za a sa da dubu arba’in?” Bai yi fushi ba. Ya goge hannu da tsumma, ya ce, “Sa shi minti biyar ne, Dokta, kyauta ma zan sa maka. Kai dai ka sauke mini giyar, in ka gama ka aiko yaro ya kira ni.” Yaran gareji suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Na ce zan yi shawara, na bar motar, na hau Keke Napep zuwa gida.

A daren nan na zauna na nemi sanin mene ne wannan kwabo da zai ci mini rabin kuɗin cefanen wata. Gangar jikin inji, wato babban dunƙulen ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, zubi ake yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwanen alminiyam ya ga tushen fasahar: a tsara siffar abu da yashi, a narka ƙarfe a kwarara, in ya daskare a fasa yashin a fitar da tukunya. Bambancin shi ne inji yana da hanyoyin ruwa a cikin cikinsa, suna kewaye da silinda don su kwashe zafi. Kafin a sami waɗannan hanyoyi sai an dasa curin yashi a tsakiyar zubin, an tallafe shi daga waje don kada ya goce, sannan bayan ƙarfe ya huce a kakkaɓe yashin ya fito. Ƙofofin da aka tallafi yashin ta cikinsu, aka kuma fitar da shi, su ne ke saura a jikin inji, zagayayyu, wasu a gefe, wasu a gaba, wasu a baya. Masana’anta sai ta toshe kowace da wani ɗan faifan ƙarfe mai kama da murfin kwalba, a buga shi da ƙarfi ya matse. Shi ne kanikawanmu ke kira kwabo, saboda girmansa da zagayensa.

Turawa kuwa sun fi kiransa da wani suna mai ma’anar “toshiyar ƙanƙara”. Dalili shi ne ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100, kuma a ƙasashen sanyi akan wayi gari ƙanƙara ta ture ɗaya daga cikin waɗannan faya-fayai waje. Daga nan mutane suka ɗauka an yi su ne don su kare inji daga tsagewa. Haƙiƙa ba don haka aka yi su ba, kuma sau da yawa ƙanƙarar takan tsaga injin duk da suna nan. Suna ne kawai ya bi su.

Ina karanta wannan sai gabana ya faɗi, domin na gane cewa irin wannan ruɗin suna ne ya kai ni gindin bishiya a Kwanar Dangora. Shekara shida da suka wuce, da na sayi motar, ’yar Kwatano ce, lagiretonta cike yake da koren ruwa. Da lokacin canji ya yi na ɗauki galan ɗin ruwan a shago, na karanta abin da aka rubuta a jiki, na ga babban aikinsa da aka fi tallatawa shi ne hana daskarewa. Na yi lissafi irin na mai digiri uku: Kano ba a ƙanƙara, saboda haka wannan kayan mutanen Turai ne, sayensa ɓarnar kuɗi ce. Na mayar da galan, na koma ruwan rijiyar burtsatse. Har na sha ba abokan aiki wannan fatawa a ɗakin shan shayi, da cikakkiyar murya. Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Abin da ban tsaya na karanta ba shi ne sauran aikin ruwan. Gaskiya ne idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, kuma wannan bai shafe mu ba. Amma yana ɗaga matakin tafasa sama da digiri 100 na ruwa zalla, kuma murfin lagireto mai kyau yana ƙara ɗaga shi ta hanyar matse ruwan. Mafi muhimmanci, a cikinsa akwai sinadaran hana tsatsa, waɗanda ke lulluɓe ƙarfe daga ciki. Ruwan rijiya ba shi da su. Abin da yake da shi gishiri-gishirin ƙasa ne da ke daskarewa a hanyoyin ruwa, da kuma iskar da tsatsa ke rayuwa da ita. Kowace buta da autana ya miƙo mini sabuwar iska ce na ƙara wa tsatsar. Gangar inji tana da kauri, za ta daɗe tana jurewa. Kwabo kuwa kaurinsa bai fi milimita 1 ko 2 ba, shi ya sa shi ne farkon wanda ke hujewa, musamman wanda ke lungun da laka ke kwanciya.

Nawa lungun shi ne mafi muni. Yana bayan inji, a fuskar da aka ɗaure akwatin giya, kuma babban faifan ƙarfen nan mai haƙora wanda kik ke cafka ya juya inji ya rufe shi ruf. Hannu ba ya kai wa, ido ba ya gani. Akwai wata toshiya ta roba mai noti a tsakiya, wadda ake cusawa a ɗaure ta kumbura, ana amfani da ita a matsayin agajin gaggawa a wuraren da guduma ba ta samun filin lilo. Ko ita sai hannu ya isa ramin. A nawa babu wata dabara, sai giya ta sauka.

Washegari a ofis na ba wani abokin aiki labari. Ya saurara, ya ce in daina wahalar da kaina. Akwai maganin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto, yakan riƙe na ’yan makonni. In zuba, in kai a wanke inji ya yi ƙyalli, in miƙa wa dillalai, in cika kuɗi in sayi wata. Ya ce haka kowa ke yi, ni ma wanda ya sayar mini bai karanta mini tarihinta ba. Zan so in ce nan take na ƙi. Ban ƙi ba. Na kwana biyu ina juya maganar, ina lissafin abin da zai rage a albashi, ina gaya wa kaina cewa mai sayen tsohuwar mota ya san tsohuwa ya saya. Har na koma gareji na tambayi dattijon ko maganin yana aiki.

Ya ce, “Yana aiki, na ɗan lokaci, kuma yana iya toshe maka lagireto a kan hanya. In don ka lallaɓa ka kai gida ne, zan zuba maka. In don ka sayar ne, to ka gaya wa mai saye, ko kuwa ka nemi wani garejin.” Ban ce masa sayarwa zan yi ba. Ya dai ga irina da yawa.

Na tsaya ina tunanin wanda zai sayi mota mai shekara sama da 20. Ba attajiri ba ne. Malamin makaranta ne, ko ƙaramin ma’aikaci da ya ci bashin ƙungiyar adashi ta ofis, wanda shi ma wata rana zai ɗauki mahaifiyarsa ya hau titin Zariya a watan Afrilu. Tun muna makarantar allo muka san hukuncin ɓoye aibin haja, kuma ni kaina na sha tsayawa gaban ɗalibai ina yi musu wa’azi a kan satar amsa. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda N40,000 kacal ta kusa sa in manta da duk wannan. Na ce masa a sauke giyar.

Kwana biyu aikin ya ci, kuma na zauna a kan bencin gareji na ga kusan dukkansa, da takardun jarrabawa a cinyata waɗanda ban duba ko goma ba. Aka cire kan batir, aka tsiyaye ruwa da man giya. Aka ɗaga mota aka tokare ta, aka cire tayoyin gaba, aka zare shaf biyu da ke kai ƙarfi ga tayoyin. Aka cire kik, aka kwance wayoyi da sandunan canjin giya, aka tallafi inji da jak da guntun katako don kada ya rataya, sannan aka bi notocin da suka ɗaure giya da inji. Ɗaya daga cikinsu, na can sama ta baya, shi kaɗai ya ci kusan awa guda, domin sifana ba ta samun juyi sai ɗan kaɗan a kowane karo. Wani yaro ɗan shekara 15 mai siririn hannu ne ya kwanta a kan inji ya fitar da shi, kuncinsa manne da ƙarfe, idanunsa a rufe. Na tambaye shi me ya sa yake rufe ido. Ya ce, “Malam, a can ciki yatsa ne ke gani.”

Da la’asar mutum uku suka rungumo akwatin giya suka sauke. Aka cire kuloci, aka cire faifan mai haƙora. Dattijon ya ce, “Dokta, zo ka ga mutuminka.” Ga shi nan, ɗan zagaye, da jan layin tsatsa ya gangaro daga gindinsa kamar sawun hawaye. Allura ta tono garma.

Fitar da shi ma da ƙa’ida. Ya ɗora bakin wani ƙarfe mai tsini a gefe ɗaya na kwabon, ba a tsakiya ba, ya buga a hankali har faifan ya juya a cikin raminsa, gefe ɗaya ya shiga, ɗayan ya leƙo, sannan ya cafke shi da filaya ya zaro. Ya ce wanda ya buga a tsakiya zai tura shi cikin hanyar ruwa, daga nan kuma sai a yini ana farauta. Bayansa wata jar laka ta biyo, mai kauri kamar kunun kanwa. Ya miƙo mini kwabon. Ta waje lafiya lau yake, har da sauran fenti. Ta ciki kuwa ya zama kamar busasshen ganye. Na ɗaga shi sama na ga rana ta wani huji da bai fi bakin allura ba. Sai na tuna kwabon zamanin Turawa mai huda a tsakiya, wanda kakata ke ajiyewa a cikin adudunta tun bayan da aka canza kuɗi zuwa naira a 1973. Nata an huda shi da gangan. Nawa ni na huda shi, buta bayan buta.

Aka aiki yaro Kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohon a aljihu, domin girman kwabo da milimita ake auna shi, kuma wanda ya gaza ko da kaɗan ba zai riƙe ba. Ya dawo da iri biyu, na baƙin ƙarfe da na tagulla. Na tagulla ya fi tsada amma ba ya tsatsa, shi muka ɗauka. Dattijon ya ce tunda ruwa ɗaya duk suka sha, sauran ’yan’uwansa ma suna kan hanya, gara a canza su yanzu da inji yake a buɗe. Haka kuma robar da ke tare baƙin mai a bayan inji, wadda ita ma ba a isa gare ta sai giya ta sauka, ya ce a canza ta ko da ba ta fara yoyo ba. Kuloci kuwa ya duba ya ce da sauransa, kada in ɓata kuɗi. Wannan karon ban yi ciniki ba.

Ya goge bakin ramin da samfefa har ya yi haske, ya shafa gam siriri a gefen sabon kwabon, ya zaɓi soket da ya zauna daidai a cikinsa, ya riƙa bugawa kaɗan-kaɗan yana duba ko ya karkace, har bakinsa ya yi daidai da fuskar inji. Minti biyar ɗin da ya faɗa, ko su bai cika ba.

Wanda ya fi ba su wuya a rana ta biyu shi ne na gefe, wanda ke fuskantar bangon da ya raba inji da mazaunin direba, a ƙarƙashin bututun da ke shigar da iska. Ana iya taɓa shi, amma babu filin ɗaga guduma. Sai dattijon ya ɗauko wani dogon ƙarfe da ya lanƙwasa da kansa shekaru da suka wuce saboda irin wannan rana, ya zura shi ta ƙasa, yaron nan mai siririn hannu ya riƙe soket a bakin ramin, shi kuma yana bugun ƙarshen ƙarfen daga waje. Bayan kowane bugu biyu sai ya tambayi yaron, “Sama ko ƙasa?” Yaron ya shafa ya faɗa. Can sai ya dakata, ya ce ya zauna. Na ce ta yaya ya sani bai gani ba? Ya ce ƙarar ta canza, da tana amsawa kamar gwangwani, yanzu ta zama ɗaya da ta inji. Ni dai ban ji bambanci ba. Aka zura guntun madubi da tocila, aka ga haka ne.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin na jahilcin ɗan boko ne da hikimar mai sana’a kawai. Da aka zo mayar da kaya, dattijon ya ciro tamostat, ɗan bawul ɗin nan da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi ɗumi, ya ce a jefar da shi, na ƙasashen sanyi ne, mu nan zafi gare mu. Na ji maganata ta shekara shida da suka wuce tana fitowa daga bakinsa. Na ce a’a. Inji an yi shi ne ya yi aiki a wani mataki na zafi, wajen digiri 80 zuwa 90 da ɗoriya, kuma wanda ke yawo a sanyaye ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. Cire tamostat ba ya warkar da abin da ke sa mota zafi, ɓoye shi kawai yake yi. Ya ce, “Dokta, littafi ya faɗi haka, amma ni na ga wanda ya maƙale a rufe ya ƙona inji.” Shi ma gaskiya ya faɗa. Muka rasa mai raba mu, sai ya aika wajen mai shayi aka kawo tafasasshen ruwa a gwangwani, aka ɗora a kan wuta, aka jefa tamostat ɗin a ciki. Muka kewaye gwangwanin, ni da shi da yara. Ruwan na dab da tafasa sai bakinsa ya buɗe a hankali, da aka tsamo shi ya huce ya koma ya rufe. Dattijon ya yi murmushi ya ce, “To, ya ci jarrabawa. A mayar da shi.”

Aka wanke hanyoyin ruwa har jan ya daina fitowa, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, aka bar mota tana aiki har iskar da ta maƙale ta fita, fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Aka shimfiɗa sabon kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe kwalin a bushe yake. Dattijon ya tattara tsofaffin kwabbai da tsohuwar roba a leda ya ba ni, ya ce ya saba yin haka, domin aikin da ke bayan giya mai mota ba zai taɓa ganinsa ba, kuma akwai masu karɓar kuɗin biyar su canza ɗaya.

Tun daga ranar nake tunanin cinikin da na yi da shi. Mu malamai mun fi kowa kukan cewa jama’a suna ƙirga awannin da muke tsayawa a aji, ba sa ganin shekarun da suka sa awa ɗayar ta yi amfani. Sai ga shi na je gaban wani mai ilimi na auna aikinsa da nauyin ƙarfen da zai sa. Kuɗin da na biya na hanyar da aka bi aka isa wurin ne, da sanin gefen da za a buga, da kunnen da ke jin canjin ƙara, da ƙarfen da aka lanƙwasa aka ajiye tun kafin in sayi mota. Muddin muna ƙin biyan wannan, muna koya wa masu sana’a ne cewa liƙi ya fi riba, sannan mu dawo muna zaginsu da ha’inci. Na kuma lura cewa ni da shi rami ɗaya muka faɗa, ni a kan ruwa, shi a kan tamostat, kowannenmu ya ce “wannan na ƙasashen sanyi ne” ya rufe bincike. Shi dai da aka kawo hujja a gwangwani ya karɓa nan take. Ni sai da mahaifiyata ta zauna a gefen titi.

Ga masu mota irina, abin da zan iya bayarwa kaɗan ne. Idan ruwan lagireto yana raguwa, akwai inda yake bi, a nemo wurin tun ɗigo bai zama kwarara ba, domin zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya ƙona gasket ko ya lanƙwasa kan inji, kuma kuɗin wannan ya ninka nawa sau da yawa. A zuba ruwan sanyaya inji irin wanda littafin motar ya ambata, a kuma canza shi a kan lokaci, saboda sinadaran hana tsatsar da ke cikinsa suna ƙarewa. Idan ruwan ya koma ja kamar na kududdufi, tsatsa ta riga ta fara cin wani abu. Idan aiki ya kai ga sauke giya, a duba duk abin da ke wurin a lokaci ɗaya. Idan kuma an yanke shawarar sayarwa, a faɗi aibin, a rage kuɗin.

Bayan mako biyu na sake ɗaukar mahaifiyata zuwa Zariya, muka yi ta’aziyyar da ni ban samu yi ba. Da muka zo Kwanar Dangora na saci kallon allura, tana tsakiya ba ta motsa ba. Hajiya ba ta ce komai ba, carbinta kawai take ja. Autana ne har yanzu bai haƙura ba. Jiya ma na fito na same shi a bakin ƙofa da buta, ya ce, “Baba, yau ma ba za a ba mota ruwa ba?” Na ce ta ƙoshi. Ya leƙa ƙarƙashinta don ya tabbatar, sannan ya juye ruwan a gindin bishiyar lemon da ke tsakar gida.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sa albarka a hannun masu sana’ar da ke riƙe amana a inda ido ba ya kaiwa.